Jigon Komawa Gida a Cikin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa

1.0 Gabatarwa

Manazarta da dama sun ɗauki bauta da cinikin bayi a matsayin babban jigon Shaihu Umar, littafin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta don gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin R. M. East, aka kuma buga shi a 1934. Ba mu musa wannan ba. Sai dai wannan maƙala za ta dubi wani ɓangare da ba a cika tsayawa a kansa ba, wato abin da ake nufi da gida ga wanda aka raba shi da asalinsa tun yana yaro.

2.0 Ina ne gidan Umar?

Labarin ya buɗe ne a Rauta, inda almajirai suka tambayi malaminsu asalinsa. Ya ambata musu Kagara. Amma idan aka bi warwarar labarin, za a ga babu abin da ya rage masa a can: maraya ne, an kori mijin uwarsa, Makau, saboda sharrin fadawa, shi kuma an sace shi. Ilimi da girma duk a Ber Kufa ya same su, a hannun Balarabe Abdulkarim wanda ya riƙe shi tamkar ɗa. Saboda haka begen da ya taso masa daga baya ba na gari ba ne, na mahaifiya ne.

A nan ne, a ganinmu, ƙarfin littafin yake, a nan ne kuma rauninsa. Ɗa da uwa duk sun ƙetare Sahara a hannun wasu, amma shi tafiyar ta mai da shi shaihi, ita kuwa da ta fita nemansa da ƙafarta sai aka yaudare ta, aka sayar, ta sha azaba a Murzuk har jiki ya ƙi. Da suka haɗu a Tarabulus, ganawar ba ta daɗe ba ta rasu. Ita ce ta biya kuɗin wannan labari da lafiyarta da ranta, duk da haka marubucin bai tsaya a kan ciwonta da mutuwarta gwargwadon nauyinsu ba. Wataƙila kunya da dangana irin ta malami ce ta hana Umar faɗaɗawa a gaban almajiransa. Ko da haka ne, mai karatu yakan ji an yi mata rowar fili.

Akwai kuma matsalar zubi. Umar ne mai ba da labari da bakinsa, alhali yawancin wahalar uwarsa ta auku a bayan idonsa, don haka sai ta zo mana a matsayin jiyau, ba ganau ba.

Dawowar tasa ma ba Kagara ta kai shi ba, Rauta ta kai shi. Wannan ya yi kama da rayuwar Dorugu, mutumin ƙasar Damagaram, wanda aka kama yana yaro, ya bi Barth zuwa Ingila a 1855, J. F. Schön ya rubuta labarinsa daga bakinsa. Shi ma da ya dawo ƙasar Hausa, a Kano ya ƙare kwanakinsa, a 1912.