Wasan Eyo Da Shagulgulan Birnin Ikko

Birnin Ikko, wanda Turawa suka kira Legas, gari ne na bakin teku, kuma shi ya riƙe hedkwatar Nijeriya tun daga 1914 har 1991 da aka koma Abuja. Garin da jiragen ruwa ke tsayawa ba ya rasa baƙi, baƙo kuwa in zai zauna da tukunyarsa yake zuwa da gangarsa. Saboda haka shagulgulan Ikko suna da yawa, wanda ya ce zai ƙidaya su duka sai dare ya yi masa. A nan za mu ɗauki babbansu, watau wasan Eyo, mu duba kyansa da aibinsa, sa'an nan mu gwada shi da waɗansu abubuwa na garin, domin mu ga abin da ke raya wasa da abin da ke raunana shi.

Yarabawan tsibirin Ikko suna kiran wasan nan Adamu Orisha. Kada mai karatu ya ji Adamu ya zaci sunan nan ne da muka sani, suna ne da ya shafi bautarsu ta gargajiya. Wasan ba shi da tsayayyar rana a shekara. Ana yinsa ne in Sarkin Ikko, wanda suke kira Oba, ya rasu, ko wani babban mai sarauta, ko mutumin da ya yi wa gari aiki, don a yi masa rakiya. Masu tarihin garin sun ce an fara shi a tsibirin cikin 1854, saboda Sarki Akitoye da ya rasu a 1853. Akan yi shekaru da dama ba a yi ba, shi ya sa in aka sanar da shi gari duka yakan ɗauka.

Ga yadda ake shirya shi. Tun saura mako guda, ran Lahadi, sai ƙungiyar Adimu, wadda ita ce babba, masu baƙar malfa, su fito da sanda su zaga gari. In aka ga haka, to, magana ta tabbata, ba fashi. Daga Litinin zuwa Alhamis sauran manyan ƙungiyoyi huɗu su fito bi da bi: Laba masu jar malfa, Oniko masu rawaya, Ologede masu koriya, da Agere masu shunayya. Bayan waɗannan biyar akwai Eyo na gidajen sarauta, kowane gida da irin malfarsa. Ran Asabar sai a rufe babbar hanya tun daga Idumota har dandalin Tinubu, masu wasa su fito ba su ƙidayuwa. Kowa da farar riga har ƙasa, da mayafi ya rufe fuska, a hannunsa doguwar sanda irin ta gwangwala mai zane, sunanta opambata. Suna tafe suna rawa, suna kirari da muryar da ba tasu ba, har su kai gaisuwa fadar Oba, wadda ake kira Iga Idunganran.

Abu na fari da ya kamata a yaba shi ne farin tufafin nan. Yawancin dodannin wasa na ƙasashen kurmi da launi barkatai suke jan ido, da fuskokin itace masu ban tsoro. Eyo bai bi wannan hanya ba. Eyo guda ɗaya in ya tsaya shi kaɗai ba wani abin kallo ba ne, farin zane ne da malfa. Amma in suka taru suka cika ƙananan titunan Isale Eko, watau tsohon gari, suna juyi riguna na tashi, sai ka ce kumfar teku ce ta hauro tudu. Kyan wasan a cikin yawa yake da motsi, kuma ƙuncin titi shi ke ƙara masa kwarjini, don mai kallo ba ya ganin farkonsu balle ƙarshensu.

Na biyu, mayafin ya daidaita mutane. A ƙarƙashinsa akwai lauya, akwai ɗan dako, akwai attajiri, ba mai iya rarrabe su. Na uku kuwa, wanda ya fi duka hikima, shi ne dokar da aka ɗora wa mai kallo. Ran wasa ba a sa takalmi a inda Eyo yake, namiji ba ya sa hula, mace ba ta ɗaura kallabi, ba a shan taba, ba a hawa keke ko babur, ba a kuma yin kitson nan da suke kira suku. Bahaushen da bai saba fita kai ba hula ba, lalle abin zai yi masa nauyi. Amma dubi abin da dokar ta haifar. Duk wanda ya tuɓe takalminsa ya riga ya shiga wasan, ko bai taka rawa ba, mai gida da baransa kuma sun tsaya ƙafa ba takalmi bisa ƙasa ɗaya.

To, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wasan yana da babban aibi, kuma daga inda kyansa ya fito nan aibin ya fito. Sandar nan an yi ta ne don gaisuwa da sa albarka, Eyo ya taɓa ka da ita ya wuce. Amma an sha kuka da waɗansu samari da kan mai da ita abin duka, su far wa baƙon da bai san doka ba, ko su rama wata tsohuwar gaba, har a yi wa 'yan kasuwa ɓarna. Mayafin da ya ɓoye attajiri shi ne kuma ya ɓoye ɓarawo, wanda aka cuta bai san wanda zai kai ƙara ba. Wasan da zai sa mai ƙaramin jari ya rufe rumfarsa don tsoro, lalle yana bukatar gyara.

Maganin da Gwamnati ta kawo shi ne ta tara babban taron a filin Tafawa Ɓalewa, tsohon filin sukuwa inda aka ɗaga tutar mulkin kai a 1960. Haka aka yi a 2017, lokacin da Jihar Legas ta cika shekara 50. An sami tsari, gaskiya ne, mata da yara sun yi kallo hankali kwance. Amma an biya tsarin nan da tsada. A fili mai faɗi, kumfar nan ta teku sai ta koma layi-layi, ƙungiya na wucewa gaban rumfar manya kamar macin 'yan makaranta. Mai kallo ya koma kujera, tsakaninsa da wasa akwai shinge. Har wa yau, ko da an ambaci mamacin da ake yi wa rakiya, maganar jawo baƙi 'yan yawon buɗe ido ita ta fi tashi. Masu iya magana sun ce kifi a ruwa sarki ne. Ruwan Eyo kuwa titi ne.

Bari mu gwada da al'adar waɗansu mutanen garin, waɗanda ake kira Aguda. Su jikokin bayi ne da aka kai ƙasar Barazil, suka komo gida cikin ƙarni na 19, musamman bayan tawayen da bayi Musulmi suka yi a Bahiya a 1835. Suka zauna unguwar Popo Aguda, suka zo da sana'ar gini, har ɗayansu ya gina masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894. Sun zo da wasan Fanti na kiɗa da ado, sun kuma zo da wani abinci mai suna frejon, watau wake da ake dafawa ya yi lugub, a tace, a haɗa da madarar kwakwa da sukari da kanumfari, a ci da kifi da garin rogo ran Juma'ar da ke kafin Ista. Gidan Ilojo, wanda Gwamnati ta sa cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956, an rushe shi a 2016. Frejon kuwa ba wata takarda da ta tsare shi, amma yana nan, don uwa ce ke koya wa 'yarta. Haka tsiren da mahautan Arewa suka kai Obalende, wanda mutanen garin ke kira suya, ya zama abincin Ikko ba da umurnin kowa ba.

Dubi kuma babban gidan wasa na ƙasa da ke Iganmu. An gama shi a 1976 don bikin FESTAC na 1977, babban zaurensa a lokacin na cin mutum 5,000. Bayan biki ya watse sai ginin ya yi ta lalacewa shekara da shekaru, har bankuna suka taru suka gyara shi, aka kuma sa masa sunan Wole Soyinka a 2024. Gini dai kuɗi ke yinsa, amma kuɗi ba su cika shi da jama'a.

Abin da za mu fahimta ke nan, wasa da abinci suna daɗewa ne a hannun masu su. Aikin hukuma shi ne ta share hanya, ta ba da 'yan sanda, ta kuma sa kowace ƙungiyar Eyo ta san 'ya'yanta ɗaya-ɗaya, in ɗayansu ya yi ɓarna a tambayi shugabansa. In an yi haka, an kau da tsoro, ba a kuwa raba wasan da titinsa ba. Wannan magana ba ta Ikko kaɗai ba ce. Kowane gari mai hawa ko kokawa ko wasan gargajiya, wata rana za a ce a kai shi fili a sa shinge don baƙi su gani. Ran nan sai masu gari su tuna, baƙon ma abin da ya tarar a raye shi ya zo kallo.