Yadda Ake Koya wa Matsoraci Riƙe Maciji

Akwai mutanen da tsoron maciji ya hana su shiga lambu, ya bi su har cikin mafarki. Irinsu ne Albert Bandura, wanda a lokacin yake koyar da ilimin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Stanford ta Amurka, ya riƙa gayyata ta hanyar talla a jarida. Kayan aikinsa kaɗan ne: ɗaki mai tagar gilashi, keji, safar hannu mai kauri, sai maciji marar dafi, dangin mesa.

Ba da nasiha ake farawa ba. Mutum zai tsaya bayan gilashi, yana kallon mai horarwa ya ɗauki macijin yana juya shi a nitse. Ido ya ga wani ya taɓa, bai ji ciwo ba. Daga nan su tako bakin ƙofa tare, su matsa kusa da keji, a sa masa safa ya dafa kejin. Kowane mataki sai mai horarwa ya fara yi a gabansa, sannan su yi tare.

Inda gwanintar take shi ne wurin da mutum ya cije. Ba a tsawata masa, ba a kuma ce ya je ya huta har tsoron ya wuce, domin zama ba ya rage tsoro. Matakin ake rabawa gida biyu. In taɓa macijin ya gagara, sai ya ɗora hannunsa a kan hannun mai horarwa yayin da shi yake shafa bayan macijin. Sannan a riƙe kai da wutsiya gam, shi ya taɓa tsakiya da safa, daga baya da yatsa tsirara. Riƙon ɗan lokaci kaɗan, a ƙara, a sake ƙarawa, har maciji ya kwanta a cinyarsa. Da yawa cikin sa'o'i suka kai nan.

Mataki na ƙarshe ya fi burge ni. Ana janye tallafin ɗaya bayan ɗaya, safa ta tafi, mai horarwa ya ja gefe, a bar mutum da macijin shi kaɗai. In ba a yi haka ba, zai koma gida yana cewa malam ne ya yi, tsoron kuma ya dawo.

Bandura ya riƙa ba mutum jerin ayyukan tunkarar maciji, mutumin ya faɗi ƙarfin tabbacinsa na iya yin kowanne daga 10 zuwa 100. Abin da mutum ya tabbatar zai iya, galibi shi yake aikatawa. Wannan tabbaci, wato yarda da iyawar kai a kan takamaiman aiki, shi ya bayyana a maƙalarsa ta 1977. Ya ce daga wuri huɗu take tsirowa: nasarar da hannunka ya yi, ganin wani irinka ya yi, ƙarfafa gwiwa da baki, da yadda kake fassara bugun zuciyarka. Ta farko ta fi kowacce ƙarfi. "Daure, za ka iya" tana da amfani, amma faɗuwa ɗaya kan share ta.

Da aka sake tuntuɓar mutanen da suka yi horon daga baya, wasu sun shaida masa cewa sun fara hawan doki, wasu kuma sun soma magana a gaban taro, abubuwan da a da suke gudu.