Sony WH-1000XM4: Hedifon Mai Kashe Rugugi

A watan Agustan 2020 kamfanin Sony na Japan ya fitar da hedifon mai suna WH-1000XM4 a kan dala 350. Tun daga lokacin an yi masa ƙanne biyu, XM5 a 2022 da XM6 a 2025, amma har yau shi nake nuna wa duk wanda ya ce mini yana neman abin da zai raba shi da ƙara. Ba wai ya fi ƙannensa a komai ba ne. Aikin da aka ƙera shi dominsa ya iya shi sosai, kuɗinsa ya sauko, kuma ya daɗe a hannun jama'a har an san inda yake da ƙarfi da inda yake da rauni.

Sauti iska ce da ke matsewa tana sakewa, tana bugun dodon kunne. A kowane marfin kunne na wannan hedifon akwai ƙananan makirufo biyu da aka ware wa aikin kashe ƙara, ɗaya na sauraron abin da ke zuwa daga waje, ɗaya na ciki yana sauraron abin da ya tsallako. Wata 'yar ƙwaƙwalwa da Sony ke kira QN1 ita ke karɓar abin da suka ji, ta umarci lasifikar ta fitar da kishiyarsa: inda ƙarar ta matso iska, lasifika ta ja ta baya daidai gwargwado. Kamar ƙarti biyu ne masu ƙarfi ɗaya suna tura ƙyaure, wannan daga ciki wancan daga waje. Kowa na iya ƙoƙarinsa, ƙyauren kuwa ko motsi. Dodon kunnenka shi ne ƙyauren.

Dabarar ta girmi kakannin da yawa daga cikinmu. Wani Bajamushe mai suna Paul Lueg ya sami takardar mallakar fasahar a Amurka tun 1936, sai dai na'urorin zamaninsa ba su da saurin da za su aiwatar da ita. Amar Bose, malami a jami'ar MIT, shi ya farfaɗo da maganar a 1978, bayan rugugin jirgin da ya ɗauko shi daga Turai ya hana shi jin kiɗan da aka sa musu. A 1986 Dick Rutan da Jeana Yeager sun sa samfurin gwaji na kamfaninsa a tafiyar kwana tara da suka zagaya duniya cikin jirgin Voyager ba tare da sauka ko ƙara mai ba. A 2000 kamfanin Bose ya fitar da nasa samfurin na kasuwar gama-gari da sunan QuietComfort. Sony ya shigo fagen da gaske daga baya, amma a wannan samfurin na ga ya kamo Bose, har ya wuce a wasu wurare.

Inda XM4 ya fi burge ni shi ne ƙara mai kauri wadda ba ta canzawa. Ka ɗauki janaretan maƙwabci da daddare. Irin waɗannan ƙananan injuna suna juyawa sau 3,000 a minti domin su ba da wutar da kayanmu ke buƙata, don haka gurnaninsu iri ɗaya ne daga magariba har asuba. Ka ɗora hedifon ɗin ba tare da ka kunna komai ba, soson da ya zagaye kunne zai ɗan dusashe ƙarar. Ka danna maɓallin da ke ƙasan marfin hagu, cikin ɗan lokaci kaɗan sai ka ji gurnanin ya zube ƙasa ya tafi, abin da ya rage sai wani siririn kaf-kaf na ƙarfe can nesa. A lokacin ne za ka gane kafaɗunka a ɗaure suke tun ɗazu, domin da kansu za su sauka. Haka yake yi wa fanka, da na'urar sanyaya ɗaki, da injin doguwar mota, da rugugin jirgin sama.

Akwai dalilin da ya sa ya ƙware a nan ya kuma gaza a can. Sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa ɗaya. Ƙarar da ke kaɗawa sau 100 a daƙiƙa, tsawon kowace kaɗawa ya haura mita uku, don haka na'urar na da sararin da za ta auna ta mayar da martani. Wadda ke kaɗawa sau 5,000 kuwa tsawonta bai kai santimita bakwai ba, kuskure ƙanƙani ya isa ya ɓata lissafin. Shi ya sa kukan jariri, da faɗuwar kwano, da hon ɗin mota, da muryar mai talla suke ratsowa, ko da yake a raunane. Wanda ya saya da zaton zai koma kurma a tsakiyar kasuwa zai ji an cuce shi, alhali iyakar fasahar ke nan a hannun kowane kamfani. Ni ban ma ɗauki wannan aibi ba. Ina so in ji in an yi sallama a ƙofa.

Babban alherin da ke cikin wannan shirun shi ne yana sa ka rage murya. Mafi yawanmu muna ƙure sautin waya ne domin mu danne hayaniyar da ke kewaye da mu, kunne kuma shi ke biyan bashin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro, ta kuma ba da ma'auni: desibel 80 na tsawon sa'a 40 a mako ga babba. Ƙwayoyin da ke karɓar sauti a can cikin kunne in sun mutu ba sa sake tsirowa. Da wannan hedifon za ka bi karatu ko labarai a cikin mota sautin wayarka bai kai rabi ba, kuma ba kalmar da za ta kuɓuce maka. Ko da wannan kaɗai ya yi, a wurina ya ci kuɗinsa.

Nauyinsa giram 254 ne, an kuma rarraba shi yadda bai taru a tsakar ka ba. Matsinsa a gefen fuska sassauƙa ne, soson na da taushi, mutum na iya yin rabin yini da shi bai ji ciwo ba. Amma in faɗi gaskiya, ba da zafin Afrilu irin namu aka auna shi ba. Fatar da aka lulluɓe soson da ita ta roba ce, ba ta shan iska, kuma toshewar da ke taimaka wa kashe ƙara ita ce ke riƙe gumi. A ɗakin da babu sanyi, kafin sa'a ta cika kunne ya jiƙe, dole a cire a sha iska. Zurfin marfin ma bai kai yadda nake so ba, mai manyan kunnuwa zai ji suna taɓa ciki. Sannan duk abin da ya shiga tsakanin soso da fata yana rage aikin: ƙafar tabarau mai kauri, ko mayafi, ko ɗan kunne babba. Mai doguwar hula kuwa sai ya zaɓi ɗaya. Wasu mutane kuma sukan ji kamar kunnensu ya toshe a farkon amfani, irin na hawan jirgi. Yawanci abin na wucewa, amma gara a gwada kafin a biya.

Ta fuskar sauti, Sony ya karkata ga kauri. Lasifikar milimita 40 da ke ciki tana ba ganga da bugun ƙasa cika da ɗumi, abin da ya dace da waƙoƙin situdiyo na yanzu. Wani lokacin kaurin kan yi yawa har ya ɗan lulluɓe muryar mawaƙi. Gyaransa na cikin manhajar Sony ta waya: ka sauke ma'aunin da suka kira Clear Bass mataki biyu ko uku, sai hazon ya yaye. Bayan wannan gyara ne na fi jin daɗinsa. A tsofaffin faya-fayen Mamman Shata, kalangu na fitowa da maganarsa, kana jin lokacin da makaɗi ya matse tsarkiya sautin ya hau, da lokacin da ya sake ta ya sauko, 'yan amshi kuma suna gefe ba su cakuɗe da uban waƙa ba. Kuntigin Ɗan Maraya Jos, mai tsirkiya ɗaya da kaifin amo, ba ya soke kunne. Ga masu sauraron ƙira'a, numfashin makaranci da gunna da tsayin madda duk suna zuwa a fili. Abin da ba zai ba ka ba shi ne faɗin fili irin na hedifon masu buɗaɗɗen baya. Kiɗan na kusa da kai, a cikin kanka, ba a gabanka ba.

Yana karɓar tsarin LDAC, wanda ke iya ɗaukar bayanai har kilobit 990 a daƙiƙa ta Bluetooth, kusan ninki uku na tsarin da aka saba. Wayoyin Android da yawa suna da shi, iPhone ba ta da shi. Kada wannan ya dami kowa, domin waƙar da aka matse aka turo ta WhatsApp ba abin da LDAC zai ƙara mata.

Daga cikin ƙananan dabarunsa, wadda na fi yabawa ita ce ta tafin hannu: ka rufe marfin dama da hannunka, kiɗa ya yi ƙasa, muryar mai yi maka magana ta shigo, ka ɗauke hannu komai ya koma yadda yake. Yana haɗuwa da waya da kwamfuta a lokaci guda, yana kuma tsayar da kiɗa in ka cire shi. Akwai wata da ke dakatar da sauti da zarar ka yi magana, sai dai ba ta bambanta magana da tari ko bin karatu a hankali, don haka mai maimaita hadda gara ya kashe ta. Makirufon kira kuwa matsakaici ne. A ɗaki lafiya lau, a bakin titi sai na ɗaya ɓangaren ya riƙa cewa ka maimaita.

Batirinsa abin dogaro ne, kuma ga mai zama inda wuta ke zuwa tana tafiya wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sa'a 30 yake yi da kashe ƙara a kunne, cajin minti 10 kuma na ba da kimanin sa'a 5. In ya mutu gaba ɗaya akwai igiya a cikin jakarsa da za a jona, ko da yake sautin kan dusashe in babu wuta a jikinsa. Yana naɗewa ya shige 'yar jaka mai tauri, naɗewar da aka cire a XM5 sai da aka dawo da ita a XM6.

Inda ya kamata mai shi ya sa ido shi ne danshi. Ba a yi masa wata kariya daga ruwa ko ƙura ba, kuma makirufon ciki na zaune ne daidai inda gumi ke taruwa. Masu amfani da shi da dama sun ba da labarin wani siririn fito da kan taso a kunne ɗaya in wurin ya jiƙe. A goge shi bayan amfani, a bar shi ya sha iska kafin a rufe jaka, lokacin hunturu kuma kada a bar shi a fili ƙura ta cika ramukan makirufon. Fatar soson za ta fara ɓarewa bayan 'yan shekaru, amma ana samun sabon soso a canza. Batirin ne ke da wuyar sha'ani, sai an kai wa mai gyara ya buɗe, kuma da Sony ya sauƙaƙa wannan da na ƙara masa yabo, domin abu mai kyau haka bai kamata ƙarshensa ya rataya a kan batir ba.

Kada a sa shi a kan babur ko wajen tsallaka titi, ko da an kunna saitin shigo da sautin waje.

Jabunsa sun cika kasuwa, kwali da rubutu duk iri ɗaya. Kafin ka miƙa kuɗi, haɗa shi da manhajar Sony a wayarka, na gaske za ta gane shi ta nuna sunansa da yawan cajinsa. In na hannu ne, miƙe shi ka naɗe ka duba gaɓoɓin ko akwai tsagewa, ka latsa soson ka ga ko yana dawowa, sannan ka nemi mai shago ya bar ka ka tsaya kusa da janaretansa na minti biyar, hedifon a kunne, babu kiɗa.