Na'urorin Wasa Masu Ƙwallaye da Da'awar Koyar da Ƙirga: Sharhi

1.0 Gabatarwa

Akwai wani rukuni na kayan wasan yara da aka daɗe ana ƙerawa a Amurka, waɗanda ba su bukatar lantarki ko batir. Abin da ke tafiyar da su ƙananan ƙwallaye ne na gilashi ko na ƙarfe, waɗanda ake saki daga saman wani allo mai gangare, su yi ta birgima suna ture wasu 'yan sassa har su kai ƙasa. Akan yaba wa waɗannan na'urori da abu biyu, watau suna ɗebe wa yaro kewa, kuma suna koya masa ƙirga. Yabo na farko ba shi da abin musu. Na biyun ne abin dubawa, domin malamin da ya karɓe shi ido rufe yana iya miƙa wa ɗan shekara biyar abin da zai dagula masa ɗan abin da ya fara kamawa.

A wannan maƙala za a auna uku daga cikin na'urorin, watau Digi-Comp II da Dr. Nim da Turing Tumble. Ra'ayin da za a kare shi ne, na'urorin suna koyar da lissafi ga yaron da ya riga ya iya ƙirga, amma ita ƙirgar kanta aikin baki da hannu ce, kuma wannan aikin ne na'urar take ɗauke wa yaro.

2.0 Ma'auni

A maganar yau da kullum akan cakuɗa ƙirga da lissafi, har a ce "lissafa su" ana nufin "ƙirga su". Duk da haka Bahaushe ya san bambancinsu. Makiyayin da ya tsaya bakin garke yana nuna shanu ɗaya bayan ɗaya ƙirga yake yi. Ɗan kasuwar da ya zauna da dare yana fitar da uwar kuɗi daga riba lissafi yake yi. Na biyu ba ya yiwuwa sai na farko ya zauna.

Masana halayyar yara biyu, Rochel Gelman da C. R. Gallistel, a littafinsu The Child's Understanding of Number na 1978, sun kawo ƙa'idoji biyar da yaro yake kiyayewa kafin a ce ya iya ƙirga. Na ɗaya, kowane abu ya sami kalmar adadi guda, ba tsallake ba maimaici. Na biyu, kalmomin su zo a jere guda kullum. Na uku, kalmar ƙarshe ita ce jimlar abin da aka ƙirga. Na huɗu, kowane irin abu yana ƙirguwa, tsakuwa ne ko tafi ko kwana. Na biyar, ko ta ina aka fara, jimlar ba ta sākewa. Mai karatu zai lura cewa ukun farko duk sun rataya ne a kan kalma, ke nan ƙirga ba ta rabuwa da harshe. Da wannan ma'auni za a duba na'urorin.

3.0 Digi-Comp II

John Godfrey ne ya ƙirƙiro wannan na'ura, kamfanin E.S.R. na jihar New Jersey ya fitar da ita a shekarun 1960. A kan allonta akwai jerin wasu sassa da ke karkata hagu ko dama, waɗanda za mu kira majuya, tilo majuyi. Duk ƙwallon da ya ratsa majuyi sai ya juya shi, kuma inda majuyin ya karkata shi ne zai nuna wa ƙwallo na gaba hanyar da zai bi. Idan ƙwallo ya isa ƙasa sai ya taɓa wani madanni da zai saki na bayansa, saboda haka da zarar an tayar da na'urar ba ta sake neman hannun kowa sai ta gama. Da wannan dabara takan yi tarawa da ɗebewa da sau da rabawa.

Ga yadda take ƙirga. A ɗauki majuya uku, darajar na farko 1, na biyu 2, na uku 4, dukansu a kwance, watau sifiri. Ƙwallo na farko zai tayar da majuyi na farko ya wuce abinsa, an sami 1. Ƙwallo na biyu zai tarar da shi a tashe, sai ya kwantar da shi, ya zarce ya tayar da na biyu, an sami 2. Na uku ya sake tayar da na farko, 2 da 1 sun ba da 3. Na huɗu ya kwantar da na farko da na biyu, ya tayar da na uku, an sami 4. Haka za a yi ta tafiya har 7, ƙwallo na takwas kuwa ya mai da duka sifiri. Babban jerin na'urar yana da majuya bakwai, don haka iyakarsa 127.

Kyawun wannan tsari a fili yake. Abin nan da malami kan sha wuyar bayyanawa a darasin tarawa, watau "rubuta kaza, riƙe ɗaya", ga shi nan yaro yana gani da idonsa: gurbi ya cika, ya koma sifiri, ya tura ɗaya gaba. Ba mu san wani allon aji da ya kai wannan fayyace batun ba.

Amma idan aka ɗora ta kan ma'auninmu sai ta gaza tun daga ƙa'ida ta farko. Yaro ba ya taɓa ƙwallayen, ba ya kiran sunan adadi, majuya ne ke riƙe masa jimla. Daɗin daɗawa, na'urar tana tafiya ne bisa tushen biyu, harshen yaron kuwa bisa tushen goma. Ɗan Bahaushe yana cewa goma sha uku, kalmar da kanta ta gaya masa goma ce aka ƙara wa uku. Na'urar za ta nuna masa 1101, watau takwas da huɗu da ɗaya. Idan ya karanta wannan da abin da aka koya masa a aji, dubu ɗaya da ɗari da ɗaya zai ce. Haka kuma 10 a wurin na'urar biyu ce. Ɗalibin da goma ta zauna masa daram zai ji daɗin gano cewa akwai wata hanyar tsara adadi. Wanda kuwa jiya-jiya ya koyi rubuta goma, an ba shi ma'ana biyu ga alama guda, kuma da wuya ya fita da ko ɗaya.

4.0 Dr. Nim

Wannan ma ta Godfrey ce da kamfanin E.S.R., a shekarun nan na 1960. Wasa ne tsakanin yaro da na'ura. Akan jera ƙwallaye a sama, kowane ɓangare ya saki ɗaya ko biyu ko uku a zagayensa, kuma ana iya saita ta yadda wanda ya saki na ƙarshe shi ya ci, ko kuma shi aka cinye. Idan zagayen na'urar ya zo, ƙwallayen da kansu ke sakin juna har majuyan su tsayar da su.

Asirin wasan huɗu ne. A ce ƙwallaye 12 ne, mai sakin na ƙarshe shi ya ci, kuma yaro ne ya fara. In ya saki ɗaya na'urar ta saki uku, in ya saki biyu ta saki biyu, in ya saki uku ta saki ɗaya. Kullum takan cike huɗu, ta bar masa 8, sannan 4, sannan ta kwashe ragowar. Majuyanta ba su san jimlar ƙwallayen ba, abin da suke riƙe kawai shi ne inda aka kwana a cikin kowane huɗu.

A ganinmu wannan ta fi Digi-Comp II kusa da ƙirga, domin tana tilasta wa yaro ya ƙirga abin da ya rage kafin ya yi motsi, kuma haushin kaye yana sa shi neman dalili. Ranar da ya gano rukunin huɗu ya taɓa tushen rabawa da saura ba tare da an ambata masa sunansu ba. Rauninta shi ne asirin nata guda ɗaya tak ne. Da zarar yaro ya gane shi, ya kuma zaɓi wanda zai fara, dara ta ci gida, ba sauran abin koyo. Sannan ƙirgar da take nema ta baya-baya ce, wadda ba ta samuwa sai ga wanda ta gaba ta riga ta zauna masa.

5.0 Turing Tumble

Paul Boswell, wanda ya taɓa koyarwa a Jami'ar Minnesota, shi da Alyssa Boswell ne suka fito da wannan, bayan sun nemi gudummawar jama'a ta intanet a 2017. An sa mata sunan masanin lissafin nan na Ingila, Alan Turing. Bambancinta da na baya shi ne allonta fayau yake zuwa. Yaro ne zai kafa sassan da hannunsa, iri shida, ciki har da mai karkatar da ƙwallo, da majuyi, da mai tare ƙwallo ya tsayar da aiki. Ƙwallayen ja ne da shuɗi, kuma akwai littafi mai matsaloli 60 da aka saƙa cikin labari mai zane, daga masu sauƙi zuwa masu wuya.

Ita ce mafi inganci cikin ukun, domin ta fitar da yaro daga sahun 'yan kallo. Wanda ya gina na'urar ƙirga da kansa, ta ƙi aiki, ya bi sawun ƙwallo har ya gano inda ya kauce, ya fahimci abin da mai kallon Digi-Comp II bai fahimta ba. Sai dai masu ita da kansu sun ce ta 'yan shekara takwas ce zuwa sama, kuma a wannan shekaru an daɗe da wuce koyon ƙirga. Bugu da ƙari, rabin darajarta yana cikin littafin ne, wanda da Turanci aka rubuta shi tun asali. Yaron da bai iya karanta matsalar ba, allo da ƙwallaye kawai aka ba shi.

6.0 Kwatanci da Wasan Gurabe

Domin a ga abin da na'urorin suka rasa, ya kamata a dubi wasan nan na gurabe goma sha biyu da Yarbawa ke kira ayo, mutanen Gana oware, wanda a ƙasar Hausa ake sa irinsa cikin dara. A ayo da oware akan zuba 'ya'ya huɗu a kowane gurbi, jimla 48. Mai wasa zai kwashe na gurbi guda ya bi yana ajiye ɗaya-ɗaya a guraben da ke gaba. Wannan ita ce ƙa'idar farko ta Gelman da Gallistel a aikace: ɗa guda, gurbi guda, kuma in ya yi tsallake abokin wasa ba zai bari ba. Kafin ya kwasa sai ya san yawan abin da ke gurbin da inda na ƙarshe zai faɗa, wannan kuwa ƙa'ida ta uku ce. A nan hannun yaro ne ke yin aikin da gangare da majuyi ke yi a na'ura, kuma da harshensa yake gardama idan an yi saɓani. Kayan wasan kuwa ba su wuce ƙasa da tsakuwa ba.

Wannan ba ya nufin wasan gurabe ya fi na'urorin ta kowace fuska. Ba ya nuna darajar gurbi, domin ɗa guda a gurbi na farko daidai yake da ɗa guda a na shida. A nan kuwa majuya suka yi fice.

7.0 Abin da Ya Rage ga Malamin Harshe

Hausa tana da abin da za a yi gada da shi tsakanin matakan biyu. Daga goma sha ɗaya zuwa goma sha tara ginin adadi a bayyane yake, saɓanin Turanci inda kalmomin 11 da 12 ba su nuna goma a cikinsu ba. Daga ashirin zuwa casa'in ne ginin ya ɓuya, saboda kalmomin aro ne daga Larabci. Amma tsohuwar ƙirga tana da gomiya biyu da gomiya uku, waɗanda suke faɗa wa yaro kai tsaye gomomi nawa ke ciki. Haka nan ashirin babu ɗaya, watau 19, ɗebewa ce a cikin sunan adadi. Malamin da ya fara zaunar da gomiya a kan ɗalibi, ya nuna masa cewa gurbin ɗaiɗai yana cika ne a goma ya tura ɗaya gaba, zai iya kawo majuyi daga baya ya ce ga gurbin da ke cika a biyu. A sannan na'urar za ta ƙarfafa abin da harshe ya riga ya gina.

Wannan yana bukatar kalmomi tsayayyu. Majuyi da tushen biyu da muka yi amfani da su a nan shawara ce kawai, kuma masu aikin keɓaɓɓun kalmomi suna iya kawo waɗanda suka fi su.

8.0 Kammalawa

An ga cewa Digi-Comp II tana fayyace "riƙe ɗaya", Dr. Nim tana kai yaro ga rukuni da saura, Turing Tumble kuma tana sa shi gina dabarar da hannunsa. Duk wannan lissafi ne, kuma kowace cikinsu ta ɗauka cewa yaron ya zo da ƙirgarsa. Saboda haka wurinsu manyan azuzuwan firamare ne zuwa sama. Ɗan aji ɗaya kuwa a bar shi da tsakuwa da gurabe, yana ajiyewa yana faɗa da bakinsa, har sai kalmar ƙarshe ta zame masa jimla.