Littafin John Gray da Halin Maza da Mata

A shekarar 1992 wani Ba'amurke mai suna John Gray ya fitar da littafi a kan zaman aure. Sunan littafin yana cewa maza daga duniyar Mars suka zo, mata kuwa daga Binus. An juya shi cikin Faransanci da wasu harsuna da yawa, har ya iso hannun samarinmu.

Ga koyarwarsa: in damuwa ta sami namiji, sai ya shige kogonsa ya yi shiru, mace kuwa ba ta samun sauƙi sai ta faɗi abin da ke ranta. Ya gargaɗi miji ya koyi sauraro, ya bar gaggawar ba da shawara. Wannan gargaɗi mai kyau ne, ni ma nakan yi wa masu shirin aure irinsa.

Inda ya kauce shi ne, ya ɗauki ƙaramin bambanci ya mai da shi katanga. A shekarar 2001 masana uku, Costa da Terracciano da McCrae, sun gwada halayen maza da mata cikin al'ummai 26. Sun tarar in an haɗa jimla, mata sun ɗan fi tausayi da yawan damuwa, maza kuma sun ɗan fi son ja-gaba. Amma tazarar ƙarama ce in an gwada ta da wadda ke tsakanin mace da 'yar'uwarta mace. A 2005 kuma Janet Hyde ta nuna a yawancin halaye maza da mata kusan ɗaya suke.

To, ina illar? Wani magidanci ya yi kwana biyar bai ce wa matarsa uffan ba. Da na tambaye shi, sai ya ce ai haka maza suke, littafi ma ya faɗa. Na ce masa wannan ba kogo ba ne, gaba ce. Cikin ikilisiya na san mata masu zurfin ciki, na san dattawa masu saurin hawaye. Debora mace ce, ta yi shari'ar Isra'ila. Dawuda jarumi ne, ya yi ta kuka saboda Absalom.

Ɗan'uwa, in littafin ya zo hannunka, ɗauki darasin sauraro, ka bar saura. Ba dukan matan duniya ka aura ba, mace ɗaya ka aura. Halinta ba a littafi za ka same shi ba, sai ka zauna da ita.