Jinjina Ga Masu Gina Shafukan Intanet

Kafin ka tura kuɗi ta waya cikin ƙiftawar ido, wani ya kwana yana farautar kuskure guda a cikin dogon rubutun JavaScript. Shi nake yi wa jinjina. Tun da Tim Berners-Lee ya fito da shafin farko ga jama'a daga CERN a 1991, sana'ar nan take cin daren masu ita.

Da yawansu a gida suke aiki. Shayi ya huce, yaro na jan riga: "Baba, tuwo ya sauka." Ya ce, "Ina zuwa," ido na kan kwamfuta, domin shafin ya karkace a ƙaramar waya, sai an gyara CSS kafin asuba.