Hoton Ƙwaƙwalwa da Nauyin Taklifi: Sharhi a kan Binciken ENIGMA game da Jarabar Maye

A shekarar 2019 mujallar American Journal of Psychiatry ta buga wani bincike na ƙawancen ENIGMA, wanda aka kafa a 2009 domin haɗa hotunan ƙwaƙwalwa da bayanan ƙwayoyin gado daga ƙasashe da dama. Scott Mackey da Hugh Garavan na Jami'ar Vermont ta Amurka suna cikin jagororin aikin. Cibiyoyin bincike 23 suka tattara hotunan na'urar MRI na mutum 3,240, waɗanda 2,140 daga cikinsu sun kamu da jarabar ɗaya daga abubuwa biyar: giya, taba, hodar iblis, metamfetamin ko tabar wiwi. An gano cewa wasu sassan ƙwaƙwalwar mashaya sun fi na sauran mutane ƙanƙanta, musamman sassan da ke da hannu a sha'awa da yanke shawara, kuma bambancin ya fi bayyana ga mashaya giya.

Wajibi ne a fara da yaba wa hanyar aikin. Kafin irin wannan haɗin gwiwa, kowace cibiya takan auna mutane 'yan kaɗan, sakamakon wannan ya saɓa wa na waccan. Ɗalibin hadisi zai gane hikimar tattarawa, domin ya san ruwaya tana ƙarfafa da yawan hanyoyi. Haka kuma sakamakon ya dace da abin da Shari'a ta daɗe tana karewa: kiyaye hankali ɗaya ne daga larurori biyar da Imam al-Ghazali ya jera a al-Mustasfa, Imam al-Shaɗibi ya faɗaɗa a al-Muwafaƙat.

Sai dai ɗalibin hadisin ya san wata ƙa'ida: idan hanyoyi duka suna komawa ga marawaici guda, yawansu bai ƙara komai ba. Wajen kashi huɗu cikin biyar na mutanen da aka yi manyan binciken ƙwayoyin gado a kansu 'yan asalin Turai ne, alhali Afirka ce nahiyar da ta fi kowace yawan bambancin ƙwayoyin gado. Misali ɗaya ya isa nuna haɗarin gama hukunci: wani sauyi a ƙwayar gadon ALDH2, wanda ke sa giya ta wahalar da mai shanta har ya guje ta, ya yawaita ne a Gabashin Asiya, da wuya a same shi a wasu wurare. Bayan haka, abubuwa biyar ɗin da aka auna babu taramol ko kodin a ciki, ga shi kuwa su ne suka addabi matasan Arewacin Nijeriya, har gwamnati ta hana sarrafa maganin tari mai kodin a 2018.

Rauni na biyu ya shafi sababi. An ɗauki hotunan ne bayan mutane sun riga sun kamu, saboda haka hoton ba ya bayyana ko shan ne ya rage ƙwaƙwalwar ko kuwa bambancin ya riga shan zuwa. Ƙari a kan haka, bambancin na matsakaicin rukuni ne. Babu likitan da zai dubi hoton mutum guda ya yanke cewa wannan ya rasa ikon kame kansa.

A nan ne mas'alar ta shigo fagen malamai. Tun 1997, lokacin da Alan Leshner ya rubuta a mujallar Science cewa jaraba cutar ƙwaƙwalwa ce, wasu suke ɗaukar maganar tamkar sabuwar Jabariyya mai sauke taklifi daga wuyan mashayi. Hujjojin ba su kai nan ba. Binciken tagwaye ya nuna gado yana da kason wajen rabi a bambancin haɗarin kamuwa da jarabar giya, ragowar kuwa na muhalli ne da abin da mutum ya ci karo da shi a rayuwa. Lee Robins ta bibiyi sojojin Amurka da suka kamu da hiroyin a Biyetnam, ta tarar mafi yawansu ba su koma wa jarabar ba bayan sun dawo gida. Abin da ya tabbata shi ne zaɓi yana yin rauni, amma bai mutu ba, kuma sauyin wuri da abokai yana farfaɗo da shi.

Wannan fahimta tana da gurbi a cikin Musulunci. Haramcin giya ya sauka daki-daki: aya ta 219 ta Baƙara, sannan ta 43 ta Nisa'i, sannan ta 90 da 91 na Ma'ida. Bukhari ya ruwaito labarin sahabin da aka sha kawowa saboda shan giya, Annabi (SAW) ya hana a la'ance shi, ya kuma shaida masa da son Allah da Manzonsa. An hukunta shi, ba a kuwa fitar da shi daga cikin jama'a ba.

Abin da ke kan sikeli ba ƙarami ba ne. Ƙididdigar da aka gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta kiyasta cewa mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, masu shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fitar da ɗaruruwan mutane daga wani gidan mari a Kaduna, wasu ɗaure da sarƙa. Wanda ya ɗauki jaraba taurin kai zalla, sarƙa zai nema. Wanda ya ɗauke ta ƙaddarar ƙwayoyin gado, hannu zai naɗe. Binciken ENIGMA, idan aka karanta shi gwargwadon abin da ya tabbatar, bai goyi bayan ko ɗaya ba: mashayi mukallafi ne mai rauni, yana buƙatar likita da malami tare. Ya rage wa jami'o'in Musulunci da asibitocin koyarwa na wannan yanki su nemi kujera a irin wannan ƙawance, domin a auna masu fama da taramol da kodin kafin a yi hukunci a kansu da ma'aunin wasu.